Yadda Ake Zaɓen Makirfo Don Naɗar Waƙa a Gida Idan Kuɗin Ba Yawa

Duk matashin da ya zo min da maganar haɗa ɗan situdiyo a ɗakinsa, tambayar da yake fara yi ita ce: "Yaya, wane makirfo ne ya fi kyau?" Ni kuma sai in tambaye shi a wane ɗaki zai riƙa rerawa. Wasu kan ɗauka kauce wa amsa nake yi, alhali amsar tana cikin ɗakin. Makirfo kunne ne wanda ba ya zaɓe. Kunnenka ya saba da ƙarar janaretan maƙwabci har ka daina jin ta, shi kuwa makirfo zai kwaso ta tare da muryarka ya zuba cikin waƙar, kuma raba su daga baya aiki ne mai wuyar gaske.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Lokacin da na fara, duk abin da na tara na zuba a kan makirfo ɗaya irin na manyan situdiyo, ban bar ko sisi don gyaran ɗaki ba. Akwai injin markaɗe a bayan katangarmu. Duk abin da na naɗa a watannin nan sai da injin ya shiga ciki, na yi asarar waƙoƙin da har yau nake jin zafinsu. Abin da ya sa nake son ka bi matakan nan a jere ke nan, kada ka fara daga kasuwa.

Mataki na farko: saurari ɗakin kafin ka taɓa aljihu

Ka rufe ƙofa da taga, ka kashe fanka, ka ajiye wayarka a inda kake tunanin kafa makirfo, ka kunna manhajar naɗar murya, ka yi shiru na minti biyu. Sannan ka sa abin sauraro a kunne ka ƙara murya ka ji. Za ka sha mamaki: kukan awaki, hon ɗin adaidaita sahu, gurnanin firji, yara a tsakar gida, ƙarar kwano idan rana ta buga shi. Ka maimaita sau uku, da hantsi, da la'asar, da kuma bayan sha ɗayan dare, don ka san lokacin da unguwarku ta fi lafawa.

Gwaji na biyu shi ne tafi. Tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani ɗan zirin ƙara ya biyo baya kamar an kaɗa ƙarfe, ɗakin yana amsa-kuwwa. Yawancin ɗakunanmu haka suke: bangon siminti, daɓen tayil, wani lokaci rufin kwano ba sili. Tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi su daɗin sauti nesa ba kusa ba, in kana da irinsa a gida kada ka raina shi.

Sakamakon gwaje-gwajen nan biyu ne zai gaya maka irin makirfon da ya dace da kai.

Mataki na biyu: san iri biyun da za ka tarar a kasuwa

Akwai dainamik, akwai kwandensa. Akwai kuma na uku mai siririn ƙyallen ƙarfe a ciki, amma yana da tsada kuma ba ya jure wahala, mu bar shi.

Dainamik shi ne irin wanda kake gani a hannun mawaƙa a wurin biki da hannun mai wa'azi. A cikinsa akwai 'yar fata mai laushi da aka liƙa wa naɗin siririyar waya, naɗin kuma yana zaune cikin maganaɗisu. Murya ta bugi fatar, naɗin ya motsa, sai a samu 'yar wutar lantarki mai siffar muryar. Lasifika ce aka juya ta baya. Ba ya buƙatar batir ko wata wuta, yana jure faɗuwa da zafi da ƙura, kuma ko algaita aka busa masa ba ya gigicewa. Sarkinsu shi ne Shure SM58 na Amurka, wanda ake ƙerawa tun 1966, da ɗan'uwansa SM57 na 1965 da aka fi kafa wa ganguna da sauran kayan kiɗa.

Kwandensa shi ne wanda kake gani a hotunan situdiyo, rataye cikin wani kwando mai robobi. Fatarsa ta fi gashin kai sirantaka, tana dab da wani farantin ƙarfe, kuma sai an ba shi wuta yake aiki: bolt 48, wadda 'yan sana'a ke kira fantom. Da yake fatar ba nauyi, yana kama ƙananan abubuwa: numfashi, motsin leɓe, karkarwar murya a ƙarshen baiti. Wannan ne daɗinsa. Misalan da aka sani cikin masu sauƙin kuɗi su ne Audio-Technica AT2020 na kamfanin Japan da Rode NT1-A na Ostireliya.

Ga inda mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Ana cewa wai kwandensa yana janyo hayaniya, dainamik yana korar ta. Gaskiyar maganar ita ce tazara. Duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirfo da rabi, muryarka tana ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), janaretan waje kuwa yana nan yadda yake. An ƙera dainamik don a rera dab da shi, yatsu biyu ko uku tsakani. Kwandensa kuwa yakan so a ja baya kamar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20, idan ba haka ba iskar baki ta dame shi. A wannan 'yar tazarar ce ɗaki da unguwa suke samun hanyar shiga. Ƙari a kan haka, kwandensa ya fi jin sirarrun sautuka na sama, inda amsa-kuwwar tayil da ƙarar tsanya suke.

Saboda haka ra'ayina, kuma na tsaya a kansa: idan a gidan haya kake, ko gidan yawa, ko kusa da titi, fara da dainamik. Muryar da aka naɗa tsaf da makirfon dala 25 ta fi wadda aka naɗa da na dala 200 tare da kukan jariri da amsa-kuwwa. Kwandensa na mai ɗakin da ya ci gwajin shiru ne, ko mai iya haƙurin jiran tsakar dare.

Ko wanne ka zaɓa, duba kwalin ka ga zanen da ke nuna ɓangaren da yake ji. Nemi mai zane kamar zuciya, wanda ake kira kadiyoyid. Irin wannan yana ji sosai ta gaba, yana ji kaɗan ta gefe, ta baya kuwa kusan kurma ne. Wannan kurmancin dukiya ce, za mu yi amfani da shi an jima.

Wani lissafi da masu talla ke yawan nunawa shi ne yawan shuuu ɗin da makirfo ke yi da kansa. A takarda na AT2020 desibel 20 ne, na NT1-A kuwa 5. Bambanci ne na gaske, amma sai a ɗakin da ya yi tsit ake jin sa. A ɗakunanmu hayaniyar gida ta riga ta rufe duka biyun, don haka kada wannan lamba ta sa ka ci bashi.

Mataki na uku: me za ka naɗa?

Idan murya ce kawai a kan kiɗan da aka haɗa a kwamfuta, makirfo ɗaya ya ishe ka. Mai hip-hop da mai murya mai ƙarfi da amo, dainamik zai karɓe su hannu bibbiyu. Mai siririyar murya mai laushi, ko mai ƙasida da ke jan baiti a hankali, shi ne wanda kwandensa ke yi wa ado idan ɗaki ya yarda.

Fiyano ba ya buƙatar makirfo. Na sha ganin an kafa makirfo a bakin lasifikar fiyano ana naɗa, sautin ya fito kamar daga cikin tulu. A bayan fiyanon akwai ramin fitar da sauti, waya kawai za ka ja daga nan zuwa akwatin sauti, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta.

Kayan kiɗanmu na gargajiya su ne inda abin ke da daɗi, domin ba za ka samu bayaninsu a takardar kamfani ba, sai gwaji.

Kalangu yana son dainamik irin SM57. Ka tuna makaɗi yana matsa shi a hammata yana saki, kayan yana motsi, don haka idan ka manna makirfo dab da fatar sautin zai riƙa zuwa yana komawa, kuma sandar kiɗan na iya dukan sa. Ja shi baya kamar taƙi ɗaya da rabi, ka karkata shi yana kallon fatar daga gefe. Haka ma kotso da ganga, sai dai ganga a ƙara mata tazara don amonta ya buɗe.

Gurmi, garaya, molo da kuntigi ba su da ƙara sosai, kuma daɗinsu yana cikin taɓin yatsa. Nan kwandensa ya fi, idan akwai shi. Saita shi wajen da wuyan kayan ya haɗu da ƙoƙon, santimita 20 zuwa 30. Idan ka kai shi dab da fatar za ka ji bum-bum ya yi yawa, tsirkiyar ta ɓace.

Goge da kukuma suna da kaifi saboda izgar doki da ke gogar izga. Kwandensa mai araha yakan ƙara musu kaifin har su soki kunne. Dainamik yana tausasa su. Ɗaga shi sama da kayan kaɗan, kamar kamu ɗaya.

Algaita da kakaki kuwa, kada ka saita makirfo cikin bakinsu. Rabin mita zuwa mita ɗaya, a ɗan kauce gefe. Sarewa akasin haka: kusa da bakin mai busa, tsakanin leɓe da ramin farko, amma a kauce wa hanyar iskar.

'Yan amshi fa? Ba sai ka sayi makirfo huɗu ba. Su tsaya kamar rabin da'ira a gaban makirfo ɗaya, mai ƙarfin murya ya ja baya, mai rauni ya matso. Su rera sau biyu ko uku, ka ɗora wani a kan wani, za su fito kamar mutum goma. A wannan aikin kwandensa ya fi dacewa, domin dole kowa ya ɗan yi nesa.

Mataki na huɗu: ta ina sautin zai shiga kwamfuta?

Hanya biyu ce. Ta farko makirfo mai USB, wanda ake sokawa kai tsaye a kwamfuta. Ta biyu makirfo mai XLR, wato mai ƙafa uku a gindi, wanda sai ya bi ta akwatin sauti, abin da 'yan situdiyo ke kira sawun-kad.

Mai USB ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin sha'ani, amma a nan ka tsaya: naɗa da guda biyu a lokaci ɗaya yana da wahala, ba ka da inda za ka soka fiyano, kuma ranar da ka so canja makirfo komai za ka sake. Mai XLR yana girma tare da kai. Akwatin da ka saya yau zai karɓi duk makirfon da za ka saya nan da shekara goma.

Akwai wasu 'yan tsakiya da nake yawan nuna wa masu farawa: Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x. Dainamik ne, kowanne yana da USB da XLR duka, da ramin abin sauraro a jikinsa. Yau ka soka shi a kwamfuta, ko a wayar Android da 'yar mahaɗar OTG ka naɗa a manhajar BandLab, gobe idan ka sayi akwati ka koma ta XLR. Wanda ba shi da kwamfuta sam, wannan ce hanyarsa.

Idan akwati za ka saya, cikin masu araha akwai Behringer UMC22 da UMC202HD, da M-Audio M-Track Solo. Sama da su akwai Focusrite Scarlett Solo da 2i2, jajayen nan da suka cika ƙananan situdiyo. Abu uku za ka duba: yana da makunnin 48V, yana da ramin abin sauraro da makunnin jin kanka kai tsaye ba tare da muryar ta zagaya cikin kwamfuta ta dawo a makare ba, sannan ramukan shiga nawa ne. Idan kana son naɗar mawaƙi da makaɗi lokaci ɗaya da makirfo biyu, sai mai ramin XLR biyu, kamar UMC202HD ko 2i2.

Dole in yi magana a kan BM-800, mai kai ruwan gwal ɗin nan da ake haɗawa da ƙaramin akwatin V8, domin shi ne ya fi yawa a hannun matasa. Jikinsa kamar na manyan situdiyo, amma cikinsa ɗan ƙaramin kunne ne, kuma wayar da ke zuwa da shi tana ƙarewa ne da ɗan tsinken da ake sokawa a ramin hedifon. Don hira kai tsaye a TikTok ko Facebook zai yi maka aiki. Don waƙar da kake so a saurara a mota da gidan rediyo, gara ka sa kuɗin a dainamik mai sauƙi irin Behringer XM8500. Araha ba ta ado, amma wannan ɗin araha ce mai aiki.

Shure SM7B da kake gani a gaban manyan masu shirye-shirye makirfo ne mai kyau ƙwarai, sai dai kuɗinsa ya kai wajen dala 400, kuma yana buƙatar akwatin da zai iya ɗaga shi da kusan desibel 60. Ƙananan akwatuna sukan fara shuuu kafin su kai nan. Ba naka ba ne yanzu.

Mataki na biyar: raba kuɗin

Zan faɗi farashi da dala, domin naira da sefa kowace da nata canjin, kuma kuɗin kawowa yana hawa kai. A Amurka SM58 da AT2020 kowanne yana wajen dala 100, XM8500 wajen 25, Q2U wajen 70. Ka ɗauki wannan a matsayin ma'auni kawai.

Ƙa'idata ita ce kada makirfo ya ci fiye da rabin abin da ke hannunka. Ragowar na waɗannan ne: akwatin sauti, wayar XLR mai kauri wadda kawunanta ƙarfe ne, sandar kafa makirfo mai nauyin gindi, rariyar iska da ake sawa a gaban makirfo don tare iskar baki, da hedifon mai rufe kunne ruf. Maganar hedifon ba ƙarama ba ce. Idan mai buɗaɗɗen baya ne, kiɗan da kake ji zai zubo ya shiga makirfo, mai tace sauti ya rasa yadda zai yi. Audio-Technica ATH-M20x misali ne na rufaffe mai sauƙin kuɗi. Lasifikan situdiyo na iya jira.

Rariyar iska kana iya haɗa ta da kanka: zagayen da mata ke ɗame yadi a ciki wajen ɗinkin fulawa, ko waya da aka lanƙwasa, a ɗame siririyar safa ninki biyu. Tana aiki daidai da ta kanti.

Manhaja ma kada ta ci maka kuɗi da farko. Audacity kyauta ce. Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji, lasisinta na mutum ɗaya dala 60.

Mataki na shida: a kasuwa

A Kano masu neman irin waɗannan kaya sukan leƙa Sabon Gari da titin Beirut, a Legas kuwa kasuwar Alaba ce cibiya. Ko ina ka je, ko ta intanet ka saya, ka sani SM58 yana cikin makirfon da aka fi yi wa jabu a duniya, kuma wasu jabun sai ƙwararre ke gane su da ido. Ni ma an taɓa sayar min da ɗaya, a cikin kwali mai kyau har da jaka, sai da na ajiye shi kusa da na wani abokin aiki na ji bambancin: nawa yana ƙara kamar gwangwani, kuma ko yatsa na motsa a jikinsa sai an ji.

Ba a cinikin biri a sama. Tafi da kwamfutarka da akwatinka da hedifon ɗinka, ko ka tafi da wanda ke da su, ka gwada a gaban mai kanti. Ga abin da za ka yi.

Fara da farashi. Idan an ce maka sabon SM58 ne amma kuɗinsa bai kai rabin farashinsa na Amurka ba, magana ta ƙare. Sai nauyi: na asali giram 298 ne, ka nemi a ɗora shi a ƙaramin sikeli, jabu yakan gaza. SM58 na yau da kullum ba shi da makunni a jikinsa, wanda ke da shi sunansa SM58S. Rubutun ƙasar da aka ƙera shi kaɗai ba hujja ba ne, domin kamfanin yana da masana'anta a Meziko da kuma Sin.

Sai gwajin kunne. Kunna naɗi ka murza makirfon a hannu, ka ɗan shafa jikinsa. Na kirki yana da abin da ke shanye girgiza a ciki, ƙarar hannu kaɗan za ka ji. Yi magana ta gaba, ka juya shi a hankali kana ci gaba da magana har bayansa ya kalle ka. Murya ta ragu sosai a baya. Idan kusan ɗaya take ta ko'ina, ajiye shi. Girgiza wayar a wajen mahaɗa ka ji ko tana ƙaras-ƙaras.

Gwada shi da Hausa, domin da ita za ka rera. Harshenmu yana da sautukan da ke tona asirin makirfo. Harafin "f" a bakin Bakano yana fita da iska tsakanin leɓɓa, "ƙ" da "ts" kuma suna fita da tsalle mai kaifi. Faɗi "Fatima ta fasa faifai", ka faɗi "tsuntsu ya tsallake tsauni", sannan ka yi karangiyar nan ta kwaɗo da ƙato da suka je ƙoto. Idan "ts" da "sh" suna sukar kunne kamar allura, wannan makirfon zai wahalar da kai a kowace waƙa. Daga nan ka rera baiti ɗaya a hankali, ɗaya da iyakar ƙarfinka.

Na hannu fa? Dainamik na hannu, in na asali ne, saya ba fargaba, ko kansa ya lotsa ana samun sabon murfi. Kwandensa na hannu sai da taka-tsantsan. Kunna shi ka yi shiru minti biyar kana saurare. Idan ka ji tsatsatsa kamar ana suya, ko ka yi masa ɗan huci daga nesa sautin ya ɗauke na ɗan lokaci, danshi da datti sun kama fatar. Kuma kafin ka biya, ku yi yarjejeniya da mai kaya cewa za ka iya dawo da shi cikin kwana biyu ko uku, a rubuta a rasit.

Mataki na bakwai: kafa shi a gida

Kada ka tsaya a tsakiyar ɗaki, kada kuma ka shige lungu. Juya bayan makirfon, wato ɓangaren kurman nan, ya kalli inda hayaniya ta fi fitowa, taga ko ƙofa ko kwamfutar da fankarta ke huci. Abin da ke bayanka kai mai rerawa shi ne makirfon ke kallo, don haka nan ne za ka fi tausasawa: jingina katifa a bango, ko ka rataya bargo mai kauri ninki biyu, ka bar ɗan fili tsakaninsa da bangon. Shimfiɗa kafet ko darduma biyu a ƙasa. Buɗe wadirof mai cike da kaya a gefe. Sake tafa hannu ka ji yadda zirin ya mutu.

Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙara shiga, abin da yake shanyewa ma kaɗan ne, ga tara kyankyaso da haɗarin gobara. Katifa ɗaya ta fi ɗari.

Idan kwandensa ne irin AT2020, ta gefe ake rera masa, ɓangaren da tambarin kamfani yake, ba ta ƙoƙon kai ba. Na ga mutane da dama sun yi watanni suna rerawa ta sama ko ta baya suna cewa an cuce su. Wajen haɗawa, fara soka waya, ka rage muryar hedifon, sannan ka kunna 48V. In za ka cire, kashe 48V ka jira 'yan daƙiƙoƙi. Rariya ta zauna yatsu uku daga makirfo, bakinka kuma taƙi ɗaya daga shi.

Idan dainamik ne, kafa shi a sanda maimakon riƙewa, kuma kada ka dunƙule kansa da tafin hannu irin na dandali, hakan yana toshe ramukan da ke sa shi kurmancin baya. Ka lura kuma da cewa idan ka matso sosai murya tana ƙara kauri. Mai siririyar murya zai ji daɗin wannan, mai kakkaura ya ɗan ja baya. Ɗan karkata shi gefen baki yana rage bugun iska.

Yanzu saita ƙarfin shiga, makunnin da aka rubuta GAIN a kansa. Rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar kana murzawa, har ma'aunin manhaja ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 a ƙololuwa. Kada ya taɓa 0, kada jar fitila ta kama. Sautin da ya fashe wajen naɗi ba ya ɗinkuwa, wanda ya yi ƙasa kuwa ana ɗaga shi. Sa manhajar a bit 24, da 44.1 ko 48 kHz.

Sai matsalar wuta, wadda ita ce tamu ta musamman. Lantarkinmu a Najeriya da Nijar yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan wayoyin gida ba su da kyakkyawan ayin, wato wayar da ake binnewa a ƙasa, ko kana kan janareta ko inbata mai araha, za ka ji wani zuuu a ƙasan naɗin. Magani mafi sauƙi: caja kwamfutar ta cika, ka zare cajar, ka naɗa a kan batir. Ƙananan akwatunan nan daga USB suke shan wuta, har fantom ɗin, don haka ko an ɗauke wuta aikinka bai tsaya ba, kuma lokacin ne ma firji da fanka suke shiru. Raba wayar makirfo da wayoyin wuta, idan dole su haɗu to su gitta juna, kada su kwanta tare. Ajiye wayar hannu nesa da akwatin. A manhaja kuma, yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sautuka mafi kauri, daga layin murya, a nan gurnanin mota da janareta suka fi zama.

Zafin bazara ba ya barin mutum ya daɗe ba fanka, don haka naɗa baiti-baiti: kashe, rera minti uku, kunna, huta. Ka san lokutan kiran salla na masallatan unguwa ka tsara aikinka a tsakaninsu.

Kafin ka yanke wa sabon makirfo hukunci, ba shi mako biyu. Naɗi baiti ɗaya a tazara uku daban-daban da wurare uku a ɗakin, ka saurara a hedifon, a lasifikar waya, da cikin mota in ka samu, domin a nan masu sauraronka za su ji ka.

Ƙurar hunturu da danshin damina su ne manyan abokan gabar kwandensa, domin fatarsa mai ɗauke da caji tana janyo ƙura. Kada ka bar shi a sanda ya kwana tsirara. Mayar da shi jakarsa tare da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi, ko aƙalla ka kifa masa jakar yadi mai tsabta. Kada ka hura masa iska ko ka ƙwanƙwasa shi don jin ko yana aiki, kaɗa yatsu a gabansa ya isa. Dainamik kuwa, kwance murfin kansa lokaci-lokaci, ka wanke shi da ruwan sabulu da tsohon buroshi, ka bar sosonsa ya bushe sarai kafin ka mayar, musamman idan mutane da yawa ke rerawa da shi.